Idan Linux a kan MIPS ya ƙi tayar da manhajarka: duba yanayin FR tukuna

Kwana biyu na ɓata ina sake kwafar fayil ɗaya zuwa wata ƙaramar na'ura mai firosesar MIPS, saboda duk sanda na kira manhajar sai a ce mini "Accessing a corrupted shared library". Na gwada fayil ɗin da sha256sum, umarnin da ke nuna ko kwafi ya lalace, lafiyarsa lau. Ashe saƙon ne ke ɓad da ni. Babu abin da ya lalace, kanel, wato zuciyar Linux mai tayar da manhajoji, shi ne ya ga manhajata da mai lodinta, shirin da ke haɗa ta da laburarorin da take buƙata, ba za su sha inuwa ɗaya ba wajen lissafin lambobi masu ɗigo.

Ga tushen rigimar. A tsarin o32, wato ƙa'idar harhaɗa manhajojin bit 32 na MIPS, sashen lissafin lambobi masu ɗigo yana da rajista 32, wato ƙananan ma'ajiyai a cikin firosesa, amma iri biyu ake kallonsu. A yanayin FR=0 kowace rajista bit 32 ce, don haka lamba mai bit 64 sai ta ci biyu maƙwabta, $f0 da $f1. A FR=1 kowace ɗaya bit 64 ce, ta ishi kanta. To ka ɗauka tsohuwar manhaja ta zuba rabin lamba a $f1, tana zaton ya haɗu da na $f0, alhali firosesa tana FR=1. Rabin nan ya faɗa wata rajista daban. Ba ƙara, ba gargaɗi, sai amsa ta fito shirme. Shi ya sa kanel ya gwammace ya ƙi tun daga ƙofa, kuma ni ina ganin ya yi daidai.

Fara da strace, umarnin da ke nuna kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel. Layin execve kaɗai kake nema, wato kiran tayar da manhaja. In ka ga ELIBBAD, manhaja da mai lodi ne suka saɓa. In ENOEXEC ne, wato "Exec format error", kanel ne ya ƙi manhajar ita kanta.

Sai ka buga readelf -l a kan manhajar ka ga wane mai lodi take nema, galibi /lib/ld.so.1. Daga nan readelf -A a kan su biyun, ka ajiye layukan FP ABI, masu nuna tsarin lissafin da aka gina kowanne da shi, gefe da gefe. Daga sashen .MIPS.abiflags bayanin ke fitowa, kuma shi kanel ke karantawa a cikin arch/mips/kernel/elf.c. "Hard float (double precision)" shi ne tsohon tsari mai son FR=0. "32-bit CPU, 64-bit FPU" shi ne FP64, FR=1 kawai yake yarda. "Any FPU" kuwa FPXX ne, ɗan ba-ruwana, duk inda aka ajiye shi zai zauna. Akwai na huɗu, FP64A, mai ɗauke da kalmar compat. Shi yana iya zama da tsohon tsari, amma ta hanyar FRE, inda kanel ke tare wasu umarni yana kwaikwayonsu da kansa. Yana aiki, sai dai tafiyar hawainiya.

Tawa matsalar a nan ta fito fili: na harhaɗa manhajar da -mfp64 saboda ina son amfani da MSA, ƙarin umarnin MIPS masu lissafa lambobi da yawa a lokaci ɗaya, wanda sai da FR=1 yake aiki, ita kuwa glibc ɗin na'urar, babbar laburaren C da mai lodi ke zuwa tare da ita, da tsohon tsari aka gina ta. Babu yanayin da zai gamsar da su biyun.

In layukan sun dace amma har yanzu shiru, koma readelf -h ka duba Flags. Kalmar nan2008 tana nuna sabon salon rubuta NaN, alamar sakamakon da ba lamba ba ne, kuma dole manhaja da mai lodi su zama salo ɗaya. Mai lodin sabon salon ma sunansa daban, ld-linux-mipsn8.so.1. Don gwaji kana iya tayar da kanel da ieee754=relaxed, ya karɓi kowane salo ko da firosesa ba ta goyon bayansa, amma wannan ba ya gyara saɓanin salo tsakanin manhaja da mai lodi. Gwaji na ce, kar ka bar shi haka. Ka kuma leƙa saitin kanel ko CONFIG_MIPS_O32_FP64_SUPPORT a kunne yake, don in a kashe yake manhajar FP64 ba za ta tashi ba sam.

Akwai wani tarko bayan kanel ya buɗe ƙofa. Mai lodin glibc, tun daga 2.21, yana irin wannan binciken a kan kowace laburare. In ya ga wadda ba ta dace ba sai ya tsallake ta a shiru, a ƙarshe ya ce bai ga fayil ɗin ba, kai kuma ga shi kana kallonsa da idonka. Sa LD_DEBUG=libs a gaban umarnin, zai faɗi dalilin ƙin. In kana son tabbatar da yanayin da manhaja ke ciki bayan ta tashi, daga cikin manhajar ka kira prctl, ɗaya daga kiraye-kirayen kanel, da PR_GET_FP_MODE, yana nan tun Linux 4.0: sifili na nufin FR=0, 1 na nufin FR=1, 3 kuma FR=1 tare da FRE.

Gyaran da na yi shi ne sake gina glibc da sauran laburarori da -mfpxx, wanda GCC 5 zuwa sama ke da shi, na bar manhajar kaɗai a FP64. Ka yi haka ko da na'urarka ta yau ba ta tilasta maka ba, domin MIPS R6 ta jefar da FR=0 gaba ɗaya. Laburare ɗaya ce ta gagare ni, wadda aka ba ni a harhaɗe ba tare da tushenta ba. Ita sai da na ware mata tata manhajar daban, suna magana da tawa ta soket, wato hanyar aika bayanai tsakanin manhajoji.