Darasi na 7: A Gama Magana Kafin a Ɗaure Kaya

Duk wanda ya taɓa yin asubanci a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya san hayaniyarta. Manyan motoci sun iso daga Arewa cikin dare, 'yan dako na sauke kwandunan tumatur da buhunan albasa, masu sari sun yi cirko-cirko, wannan na Hausa, wancan na Yarbanci, wata na Turancin buroka. A cikin wannan hayaniyar ake ƙulla cinikin dubban ɗaruruwan naira da fatar baki. Sau da yawa, idan ka bi diddigin rigimar da ta kai mutane gaban shugabannin kasuwa, za ka tarar babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Magana ce aka bari ba a ƙarasa ba, kowa ya tafi da abin da ya zata.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake ƙarasa magana a ciniki, da yadda ake rubuta ta.

Gaisuwa da harshen mai saye

Kakanninmu da suka zauna a Agege suna fataucin goro, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, ba su zo da tafinta ba. Sun koyi gaisuwar masu gari, suka zauna lafiya, har aka yi zango da sarkin Hausawa. Mu ma hanyar ke nan. Ba sai ka iya Yarbanci duka ba, amma ka riƙe waɗannan:

E kaaro: ina kwana
E kaasan: barka da rana
Elo ni: nawa ne
E she: na gode

Wannan “e” ta farko, ban da ta “elo ni”, ita ce ta girmamawa. Idan ka cire ta kana gaida dattijuwa, kamar ka gaida sa'arka ne, kuma za ta ji a ranta. Ka kira ta Iya ko Mama, ka saki fuska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kalma ɗaya da nake so mu tsaya a kanta, wato “albarka”. Mu idan an taya kaya kuɗin bai yi ba, sai mu ce albarka, ma'ana ban sayar ba, ƙara. To Yarbawa ma suna da kalmar, suna cewa alubarika, kuma a wajensu addu'ar alheri ce. Wadda ba ta saba da Hausawa ba tana iya ɗauka ka sa wa cinikin albarka, ta fara kwashe kaya. Da baƙo, bayan ka ce albarka, sai ka faɗi kuɗin da za ka sayar a fili. Idan ka yarda kuma, ka ce “na sallama”, ka maimaita kuɗin.

Kuɗi nawa, da wane awo

Nan ne aka fi samun tangarɗa. Ɗauki kalmar “jaka”. Dattijon Kano ko Katsina idan ya ce jaka ɗaya, naira 200 yake nufi. Asalinta fam 100 ne, da aka canja kuɗi a 1973 fam ɗaya ya koma naira 2. Amma ɗan'uwanmu da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram, jaka a wajensa sefa 1,000 ce, kuma da dala yake ƙirga, kowace dala sefa 5. A kasuwannin Legas duk muna tare a rumfa ɗaya. Saboda haka idan ciniki ya yi nauyi, a ajiye jaka a gefe, a ce naira kaza.

Haka kuma yanke lamba. Mai saye ya ce “arba'in da biyar”, kai ka ji naira 45,000, shi kuwa yana nufin 4,500 na ƙaramin kwando. Faɗi lambar har ƙarshe: naira dubu arba'in da biyar. Idan da waya a hannunka, danna lambar a fuskarta ka nuna masa. Lamba ba ta da yare.

Awo ma ya bambanta. A gida da mudu da tiya muka saba. A Legas shinkafa da wake da garin kwaki ana auna su da dirika, sunan da ya samo asali daga gwangwanin tumatur na De Rica, ko kuma da robar fenti. Kwando akwai babba akwai ƙarami, buhu akwai mai kai akwai wanda aka ɗinke bakinsa a kwance. Ba abin kunya ba ne ka ce, “Mama, nuna mini robar da kike nufi.” Matambayi ba ya ɓata.

Yaushe

“Kwana biyu” a Hausa tana iya zama mako uku. “An jima” tana iya kaiwa magariba. Mai gidan abinci da ke jiran attaruhu ba ta san wannan ba. Ka ce mata Talata da ƙarfe 8 na safe, ka kuma yi lissafin cunkoson hanya kafin ka faɗa. Ka tuna ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas na shara, ba a buɗe rumfa sai wajen ƙarfe 10. Faɗin “in Allah ya yarda” wajibi ne a kanmu, sai dai ya zo bayan ka ambaci rana da awa.

Idan kaya ya lalace, wa ke da asara

Wannan ita ce tambayar da kowa ke jin nauyin yi, don kada a ce yana yi wa kaya mugun baki. Amma daga Kura ko Ɗanja zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 ko fiye, tumatur kuwa ba ya jiran kowa. Mota na iya lalacewa a hanya. Gara a yi tambayar tun kaya na gona, da a yi ta yana zubar da ruwa a bakin kasuwa.

Mu karanta wannan hira tare. Dillali ne a Legas ya kira mai kaya a Kura.

Dillali: Salamu alaikum, Alhaji. An tashi lafiya? Ya mutan gida?
Mai kaya: Lafiya lau. Ya kasuwa?
Dillali: Alhamdu lillahi. Kaya na tafiya, a turo.
Mai kaya: To, zan turo kamar yadda aka saba.

Sun yi gaisuwa mai kyau, amma ba su ƙulla komai ba. Ga yadda ya kamata ta ci gaba:

Dillali: Allah ya ƙara girma, kwando nawa za a loda?
Mai kaya: Hamsin, manya.
Dillali: Kuɗin mota kai za ka biya can, ko in biya a nan in cire?
Mai kaya: Ka biya ka cire, tare da kuɗin sauke kaya da la'adarka.
Dillali: Idan an samu wanda ya ruɓe fa?
Mai kaya: Ka ɗau hoto ka turo mini kafin ka karyar.
Dillali: To bari in maimaita, Alhaji. Kwando 50 manya, mota ta tashi Lahadi, kuɗin mota da saukewa da la'ada in cire, wanda ya ruɓe in turo hoto tukuna. Haka ne?
Mai kaya: Haka ne. Allah ya sa albarka.

Lura da maimaitawar ƙarshe. A ganina ita ce mafi amfani a duk darasin nan. Ba ta cin minti ɗaya, ba ta kuma zubar da girman kowa, in dai ka yi ta da ladabi.

Idan asarar ta faru, kada ka kashe waya. Wanda ya kira da safe ya ce “Alhaji, kwando 8 sun lalace, ga hoto” ya tsira da mutuncinsa. Wanda ya yi shiru har sai an zo lissafi, ko gaskiya ya faɗa za a yi ta kokwanto. Haka idan kai ke sayarwa kuma ka san akwai aibu a ƙasan kwando, ka faɗa. Ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar.

Rubuta shi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan bashi: a rubuta shi, a sa shaidu. Don haka wanda ya fito da littafi bai nuna rashin yarda da ɗan'uwansa ba. Abin da ya kawo mu wannan aji ke nan, mu daina dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai, mu daina kai wa wani takardarmu ya karanta mana sirrinmu.

Ga misalin yadda za ka rubuta:

Litinin, 3 ga wata
Mai gidan abinci, Oshodi
Albasa buhu 2, kowane N60,000
Jimla N120,000
Ta biya N80,000, saura N40,000
Za ta cika ranar Juma'a

Karanta mata abin da ka rubuta kafin ta tafi. Idan hannunka bai faɗa da rubutu ba tukuna, yi saƙon murya a WhatsApp ka faɗi waɗannan abubuwa a jere, ka tura mata, ita ma ta amsa. Saƙon ya zama gajere: suna, kaya, kuɗi, rana.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, taransfa ta shiga ko'ina, har wajen mai shayi. Tare da ita alat na bogi, wato saƙon shigar kuɗi na ƙarya, ya shigo. Hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne. Ka duba asusunka da kanka, ka ga kuɗin sun ƙaru. Kuma akwai yadda ake faɗa ba tare da an zargi kowa ba: “Yi haƙuri ɗan'uwa, dokar rumfar nan ce, sai kuɗi sun shigo kaya ke fita. Zauna ga benci.” Mutumin kirki zai zauna.

Aikin aji

1. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya mai raguna a kasuwar dabbobi, ɗaya mai saye da zai bar ragon sai jajibirin Sallah. Ku yi cinikin har ku kai ga wa zai ciyar da ragon, da abin da za a yi idan ya kamu da ciwo. Mai saye ya maimaita sharuɗɗan.

2. Rubuta da lamba: naira dubu bakwai da ɗari biyar, naira dubu saba'in da biyar, naira dubu ɗari bakwai da hamsin.

3. Gyara wannan saƙo yadda direba zai gane: “Ka kawo kayan nan wajen da aka saba an jima.”

4. A gida, buɗe sabon shafi a littafinka. Rubuta mutum ɗaya da kake bi bashi da ɗaya da ke bin ka, da kuɗin, da ranar biya. Idan ba ku taɓa sa rana ba, kira shi ku sa, sannan ka kawo shafin aji mako mai zuwa.