Yadda ake samar wa ɗalibai ruwan sha mai tsafta a makarantun Legas

Makarantun Islamiyya da yawa a Agege, Idi-Araba da Mile 12 suna sayen tanki da kuɗin iyaye, bayan wata uku tankin ya zama gidan gansakuka. Ga yadda ya kamata a bi.

Fara da sanin daga ina ruwan yake fitowa. Idan rijiyar burtsatse ce kusa da masai ko kwata, ko kuma mai ruwa ne ke turo jarkoki a kura, ɗauka kawai ruwan bai da tsafta, komai haskensa a ido. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ta ishe mu darasi. Zuba maganin kulorin irin WaterGuard daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, sannan a bar shi minti 30 kafin kowa ya sha. Idan ruwan ya yi jurwaye, a bari ya kwanta a tace da farin ƙyalle tukuna. Tafasawa ma tana yi, sai dai kuɗin gas zai cinye asusun makaranta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen ɗiba. An gama sa magani, sai a juye ruwan a buɗaɗɗen baho, a rataya moɗa guda. Yaro ya fito daga bayi bai wanke hannu ba, ya tsoma moɗar har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Kafin azahar duk wahalar ta tashi a banza. Ni dai ban yarda da baho ba ko kaɗan. A sayi bokiti mai murfi da famfo a gindi, a ɗora kan benci daidai tsayin ƙananan yara, a ajiye sabulu kusa. Kowane ɗalibi ya zo da gorarsa daga gida, tsohuwar roba da aka wanke ma ta wadatar. A ɗora wa malami ɗaya, da sunansa, alhakin wanke bokitin kullum da yamma, don aikin da aka bar wa "kowa" ba mai yinsa.

Sai batun lemon kwalba. Robar kola mai rabin lita tana da sukari sama da giram 50, ninki biyu na giram 25 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau a tsaya a kai a yini. A yi magana da masu talla a bakin ƙofa, iyaye kuma su rage kuɗin tara da ke ƙarewa a can. Ranar walima a kawo zoɓon gida mai ƙarancin sukari, wanda aka haɗa da tafasasshen ruwa.