Yadda Ake Koyon Gyaran Bakin Teku Daga Wani Birni

Mahaifina direban tirela ne, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Kano. A layin motocin da ke jiran shiga tashar jiragen ruwa na fara ganin teku, ina yaro, zaune a gefensa. Da na girma na karanta tsara birane, sai aiki ya mayar da ni bakin ruwa. Wannan rubutu na yi shi ne don ƙanne na da ke shigowa aikin yanzu, waɗanda wata rana za a ce musu: ga wani birni a ƙasar waje yana son mu haɗa hannu, ku shirya takardu.

Tafiyata ta farko ta irin wannan haɗin gwiwa har yau tana ci mini rai. Mun je wani birni a Turai, an zaga da mu a jirgin ruwa, manya sun sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna, mun dawo da hotuna cike da waya. Bayan shekara biyu ko tubali ɗaya ba a aza ba, ruwa kuma ya ƙara cin unguwar da muka tafi dominta. Masu masaukinmu ba su yi laifin komai ba. Mu ne muka je ba mu san abin da za mu tambaya ba.

Saboda haka kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka fara da taka gaɓar. Ka taka ta da ƙafa sau biyu, lokacin da ruwa ya cika da lokacin da ya janye, in da hali a tsakiyar damina. Ka zauna da masunta da masu kyafa kifi da 'yan dako da direbobi. Akwai wani dattijo mai kwale-kwale da na taɓa tambaya inda bakin ruwa yake a zamanin ƙuruciyarsa. Bai ce komai ba, sai ya miƙe ya nuna mini wani kututturen kwakwa da kansa ke leƙowa daga cikin igiyar ruwa can nesa. Ya ce, "Ɗana, a gindin wancan aka ɗaura mini aure." Na ce, "Baba, shekara nawa ke nan?" Ya ƙirga da haihuwar 'ya'yansa. Da na koma ofis na gwada da tsofaffin taswirori, lissafinsa bai kauce ba.

Daga nan ka zauna ka rubuta matsalar a shafi ɗaya tak. Zaizaya ce? Ambaliya ce daga ruwan sama da ba ya samun mafita? Tsohuwar tasha ce da jirage suka daina zuwa, sito-sito suka zama kango? Ko kuwa manyan motoci ne suka toshe gari? Kowacce da birnin da ya san maganinta. A wannan shafin kuma ka rubuta ko wane ne mai filin. Kada ka raina wannan tambaya. A Legas, takaddamar ikon hanyoyin ruwa tsakanin gwamnatin tarayya da ta jiha sai da ta kai Kotun Ƙoli. In hukumar tashar jiragen ruwa ce ke riƙe da ƙasar alhali magajin gari ne kaɗai ya sa hannu a yarjejeniya, takarda kawai aka sa wa hannu.

Wajen zaɓen abokin haɗin gwiwa ne aka fi yin kuskure, don kowa yana son birnin da ya fi ƙyalli. Ni shawarata ita ce ka fara duba maƙwabcinka, wanda ruwa ɗaya ke dukanku. A gaɓar Afirka ta Yamma, igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Duk inda aka gina shingen duwatsu na tasha, yashi yana taruwa a yammacinsa, gabashinsa kuma ya shiga zaizayewa. Haka ta faru a gabashin Lome bayan buɗe tashar a 1968, har teku ya cinye tsohuwar hanyar da ta nufi Aneho. Haka ta faru a unguwar Akpakpa a gabashin tashar Kwatano. Bar Beach ta Legas ma abin da ya cinye ta ke nan, tun daga shingayen da Turawa suka gina a bakin mashigar ruwa a farkon ƙarnin da ya wuce. Ka ga ke nan in Togo ta kare nata bakin ita kaɗai, Benin ce za ta biya kuɗin. Shi ya sa aikin da ƙasashen biyu suka yi tare, daga Agbodrafo a Togo zuwa Grand-Popo a Benin, ƙarƙashin WACA, shirin Bankin Duniya na kare gaɓar Afirka ta Yamma da aka fara a 2018, ya fi burge ni a kan yawancin tafiye-tafiyen Turai. Sun ɗauki gaɓar a matsayin abu guda, sun yi nazari guda, sun zuba yashi da duwatsu a ɓangarorin iyaka biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙofofin shiga ba su da wuyar samu. Akwai ƙungiyar AIVP ta birane da tashoshin jiragen ruwa, wadda aka kafa a Le Havre ta Faransa a 1988. Akwai rukunin biranen bakin kogi da teku da Rotterdam ta Holan ta jagoranci kafawa a cikin C40, ƙungiyar manyan birane masu yaƙi da sauyin yanayi. A yankinmu kuma akwai ƙungiyar hukumomin tashoshin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, mai hedikwata a Legas tun shekarun 1970. Ka aika musu shafin nan naka guda, ka ce: wa ya taɓa fama da irin wannan?

Idan an kai ga rubuta yarjejeniya, ka dage a sa abubuwan da za a iya ƙirgawa: aiki ɗaya ko biyu, sunan ofishin da ke da alhaki a kowane ɓangare, ranar gamawa, da wanda zai biya. Ka sa sharaɗin cewa duk awo da taswira da bayanan da baƙi suka tattara, kwafinsu zai zauna a ofishinku cikin sigar da kwamfutocinku ke buɗewa. Na taɓa ganin masana sun auna zurfin ruwa wata da watanni, suka tafi da komai, aka bar mana rahoto mai kyan bango. Da muka buƙaci ainihin alƙaluman, sai aka ce a sake biya. Ka kuma bambance abu biyu. Musayar ilimi daban, ba da ragamar gudanarwa daban. Tun 2018 reshen tashar Antwerp ta Beljiyam ne ke tafiyar da harkokin tashar Kwatano bisa kwangila. Wannan hanya ce mai kyau in ita aka zaɓa ido buɗe, amma a faɗi sunanta tun farko.

Waɗanda za su yi tafiya su zama masu taɓa aikin da hannu: injiniyan magudanan ruwa, mai awon ƙasa, lauyan filaye, da wakilin mazauna bakin ruwa. Mutum uku su yi wata guda a ofishin abokan aiki ya fi mutum goma sha biyar su yi kwana uku.

In ka isa can, ka bar kallon dogayen gine-gine, ka tambayi yadda aka yi. Bari in ba ka misali da HafenCity a Hamburg ta Jamus, hekta 157 na tsohuwar tasha da aka amince da tsarinta a 2000. Kowa yana ɗaukar hoton babban zauren kiɗa da aka buɗe a 2017. Abin da ya tsayar da ni kuwa wata ƙofar ƙarfe ce mai kauri a ƙasan wani gini, a bakin hanyar masu tafiya da ƙafa, da roba a gefenta kamar murfin firji. Unguwar tana wajen ganuwar da ke kare birnin daga ambaliya, don haka sai suka ɗaga tituna da gine-gine bisa tudu, mita bakwai da rabi zuwa takwas da wani abu sama da matakin teku, suka bar hanyoyin bakin ruwa a ƙasa. In ruwa ya taso sai ya hau hanyar, a rufe ƙofofin, ya janye a wanke laka. Tambayar da ta fi amfani a nan ita ce wa ke rufe ƙofar da ƙarfe biyun dare, kuma wa ke biyansa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar aikin. Kamfanin da ke gina HafenCity mallakar birnin ne. Kuɗin sayar da filaye yana shiga wani asusu na musamman, daga ciki ake gina tituna da gadoji da wuraren shaƙatawa. Ba sa kuma miƙa fili ga mai saye nan take. Sukan ba shi wa'adi ya kawo tsarin gini ya sami izini, sannan a kammala ciniki. In ya gaza, fili ya koma hannun birni. Wannan ƙa'ida ba ta buƙatar ko buhun siminti ɗaya, kuma da muna da ita, da filayen bakin ruwa da yawa ba su zauna cikin katanga shekara ashirin suna jiran farashi ya tashi ba. Ka roƙi kwafin dokar da takardun kwangilar. Su ne tsarabar da ta cancanci ɗauka.

Duk abin da ka kwaso, dole a sake ɗinka shi daidai jikinku, don zanen aro ba ya rufe katara. Buenos Aires ta Ajantina ta nuna yadda ake yi. A 1989 gwamnatin ƙasa da ta birni suka kafa kamfani guda don farfaɗo da Puerto Madero, tsohuwar tasha mai faɗin hekta 170. Suka gayyato masana daga Basalona, wadda a lokacin take gyara nata bakin tekun don wasannin Olamfik na 1992. Masanan suka kawo tsari, sai ƙungiyar masu zanen gine-gine ta gida ta ƙi amincewa a yi ba da su ba. Aka shirya gasa ta ƙasa a 1991, aka haɗa ra'ayoyin waɗanda suka ci. Tsofaffin sito-sito na jan bulo suna nan an mai da su ofisoshi da gidajen abinci. Ilimin Basalona ya shiga, amma 'yan gida ne suka yanke hukunci. Sai dai ka tambaye su kuma su wa ke zaune a can yanzu, domin unguwar ta zama cikin mafi tsada a birnin.

Wannan ce maganar da ba na iya wucewa da sauri. A 2014 Jakarta ta Indonesiya da masana daga Holan suka fito da tsarin katafariyar ganuwar teku mai siffar tsuntsun Garuda. Zane ne mai ɗaukar ido. Amma babban ciwon Jakarta shi ne ƙasar da ke nitsewa saboda yawan zuƙo ruwan rijiyoyin burtsatse, kuma ganuwa ba ta hana ƙasa nitsewa. A 2016 aka rushe Kampung Akuarium, unguwar talakawa a bakin ruwa, sai daga baya aka sake gina wa mazaunanta gidaje a wurin. A gida ma mun gani: rusau a wani sashen Makoko a 2012, da korar mutanen Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017, dukkansu unguwannin masunta a Legas. Mutanen nan ruwa ne gonarsu. In ka kai masunci nesa da ruwa, ka raba shi da abincinsa ko da ka ba shi ɗaki mai fenti.

Akwai biranen da za ka je musamman don wannan darasi, kuma a nahiyarmu suke. A Cape Town, aikin gyaran tsohuwar tashar V&A da aka fara a 1988 ya bar jiragen kamun kifi da wurin gyaran jirage suna aiki kusa da shaguna da otal-otal. A Tanja ta Maroko, da aka buɗe sabuwar tashar Tanger Med a 2007 manyan kaya suka koma can, sai aka mai da tsohuwar tasha wurin jiragen shaƙatawa, aka kuma gina wa masunta sabuwar tasha da aka buɗe a 2018. Ka nemi ganin masuntan da kanka, ba tare da jami'i a tsaye a kanku ba. Ka tambaye su nisan wurin ɗaure jirgi da kasuwa, da kuɗin ƙanƙara, da ko an yi shawara da su kafin zane ko bayansa.

Kada ka manta da bayan gari. Tasha ba ta mutanen bakin teku kaɗai ba ce. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya da Malanville a 2023, kayan Nijar da yawa sun koma bi ta Lome, kuma kowace kwantena mota ce a kan titin wani. Mahaifina ya sha kwana da kwanaki a layi, babu wurin wanka, babu wurin alwala. In tsarinku ya ƙawata bakin ruwa ya bar direbobi a kan gada, bai cika ba. Tashoshin tudu irin na Kaduna da aka buɗe a 2018 da na Dala a Kano a 2023 suna da kujera a teburin, domin duk kwantenar da aka yi wa aikin kwastan a can ta rage cunkoso a nan. Ka sa garejin manyan motoci da layin dogo cikin tambayoyin da za ka kai wa abokan haɗin gwiwa.

Bayan an dawo, a cikin mako biyu ka tara waɗanda ka fara zama da su, har da dattawan masunta, ka gaya musu abin da kuka gani da harshen da suke ji. Ku zaɓi ƙaramin aiki guda da za a iya gamawa kafin damina mai zuwa, ko yashe magudana ɗaya ne, ko gyara matattarar kwale-kwale. Ka tabbatar kuɗin kula da shi ya shiga kasafin shekara mai zuwa da sunansa. Ku kafa sanduna masu lamba a bakin ruwa, wani ya riƙa auna nisan ruwa da su ranar farko ta kowane wata yana rubutawa a littafi. Duk wata uku ka aika wa abokan aikinku na can waɗannan alƙaluma, ka nemi nasu, ku sa ranar magana ta intanet kafin ku rufe ta wannan karon.