Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gwama Sassaƙar Gargajiya da Fasahar Zamani

Tun 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka haɗa kai kan cewa a ɗauko fasahar gida a gwama ta da abin da aka koyo a aji. Har yau matasa na gwada hakan da itace, sai dai da yawa kamannin aikin masassaƙa kawai suke ɗauka, su bar sanin da ke hannunsu.

A kan itacen ma ake fara tuntuɓe. Ɗalibi zai samo guntun ƙirya ko maɗaci ɗanye shar, ya yi wata biyu yana aiki, hunturu na shigowa sai ya ji ƙas, abin ya tsage daga sama har ƙasa. To ai masassaƙin turmi da akushi ma ɗanye yake sara, don ya fi laushi a bakin gizago. Bambancin shi ne yana rarake cikin, sai ciki da waje su bushe kusan tare, kuma a inuwa yake ajiyewa. Dunƙulallen gungume kuwa bayansa ke rigan cikinsa bushewa, shi ya sa yake darewa. Ka rarake shi ta baya ko ta gindi, ka cire tsakiyar, ka shafe bakin yankan biyu da kakin zuma ko fenti, kada rana ta gan shi.

Sai ɗabi'ar goge aiki har ya yi sumul, a malala masa man ƙyalli kamar ƙofar otal. Sawun gizago fa shi ne sa hannun mai aikin. El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Nsukka a 1975, zarton inji ya sa wa katako, ya bi shi da wuta ya babbake, bai ɓoye tabo ko ɗaya ba. Man kaɗe kaɗan da tsumma sun wadatar. Rinin ƙarya da binne aiki a ƙasa don a ce tsoho ne, wannan kam ha'inci ne.

Wanda ya fi ciwo shi ne kwasar alamar da ba a san ta wa ba. A wurin mutanen Haida na gabar yammacin Kanada, hankaka da gaggafa su ne manyan rassan dangi biyu, kuma alamun da ake sassaƙawa a dogayen ginshiƙai mallakar gidaje ne. Robert Davidson, wani masassaƙi ɗan Haida, ya kafa irin wannan ginshiƙi a garinsu Masset a 1969, bayan kusan shekara 90 ba a kafa ba, kuma sai da ya koyi ƙa'idar zanen kakanninsa sarai kafin ya shiga lanƙwasa ta zuwa sabon salo. Mu nan an maida dagin Arewa kamar tambarin hatimi, ko'ina a manna. Je ka zauna da tsohuwar da ke lalas a ƙwarya, ka tambaye ta sunan kowane zane da irin ƙwaryar da ake yi wa shi.

Wasu kuma sun ɗauka sai an yi mutum-mutumi ake zama ɗan zamani, sai su bar sana'ar gaba ɗaya saboda addini. Allo, taɓarya, kujera 'yar tsugunno, duk siffofi ne da za a faɗaɗa, a jera, a yanka, a sāke.

In kuwa wani masassaƙi ne ya yi maka saran farko, ka biya shi kuɗin gwani, kuma ranar baje koli a rubuta sunansa da garinsu a jikin takardar bayanin aikin, kusa da naka.