Yadda Malami Zai Sa Sababbin Kalmomi Su Zauna a Kan Ɗalibi

Malamin da ya rubuta kalmomi ashirin a allo, ya ce a haddace ma'anarsu kafin gobe, zai iya samun amsoshi daidai a gwajin gobe, amma bayan mako biyu zai tarar yawancinsu sun ɓace. Tun a shekarar 1885 Bajamushen masanin nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yakan zube da sauri a sa'o'i da kwanakin farko, sai fa idan ana komawa gare shi lokaci bayan lokaci.

Saboda haka malami ya fara da rage yawa. Ya zaɓi kalmomi biyar ko shida daga abin da za a karanta, ya kuma fifita waɗanda ɗalibi zai sake cin karo da su a darussa daban-daban, irin su "tasiri", "hujja" da "kwatanta", a kan kalmar da ba za ta sake fitowa ba sai a wannan shafi. Ya yi bayanin kowacce da magana mai sauƙi, domin ma'anar ƙamus sau da yawa takan fi kalmar kanta tsauri. Daga nan ya sa ta cikin jimloli biyu ko uku, ya kuma nemi kowane ɗalibi ya gina tasa jimlar daga abin da ya sani.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne koya wa ɗalibi yadda zai feɗe kalma da kansa, tunda malami ba zai kasance a gefensa kullum ba. A ɗauki "rubuta", a nuna masa yadda ta haifi "rubutu", "rubutacce" da "marubuci". A nuna masa cewa ɗafin "ma-", wato gaɓar da ake liƙawa a farkon kalma, yakan nuna mai yin aiki, kamar "manomi", ko wurin yin aikin, kamar "makaranta", ko abin da ake yin aikin da shi, kamar "mabuɗi". Yaron da ya gane wannan, ranar da ya ga "masaƙa" a littafi zai tuna da "saƙa", ya kai ga ma'anar ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma irin farin cikin da yake yi a lokacin shi ne ke sa ya ƙara son karatu.

Haka nan a horar da shi ya duba jimlolin da ke gaba da bayan kalma ya yi hasashe, amma a nuna masa cewa hasashe na iya kuskure, don haka sai ya tabbatar a ƙamus.

Kowane ɗalibi ya tanadi ɗan littafi na kalmominsa. Malami ya dawo da kalmomin washegari, ya sake bayan kwana uku, sannan bayan mako guda, kuma a kowane karo ya bar ɗalibai su tuno da kansu kafin ya buɗe musu amsa, ko da za su ɗan sha wahala.