Idan Za Ka Je Louisiana, Ka Fara Da Lambu

Sunan ne ya fara ruɗa ni, na ɗauka a Amurka wurin yake. Ashe gidan baje zane-zane da sassaƙe-sassaƙen zamani ne a garin Humlebæk na ƙasar Denmark, kimanin kilomita 35 arewa da Copenhagen. Mai gidan na asali, Alexander Brun, mata uku ya aura ɗaya bayan ɗaya, kowacce sunanta Louise, daga nan sunan gidan ya samo asali. Da Knud Jensen ya buɗe wurin ga jama'a a 1958, bai taɓa sunan ba.

Ka hau jirgin ƙasa daga babbar tashar Copenhagen, ka sauka a Humlebæk, sauran tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma sha biyar. Ranar Litinin a rufe yake. Daga Talata zuwa Juma'a kuwa sai ƙarfe 10 na dare ake tashi.

Shawarata ita ce, kana shiga ka wuce lambu kai tsaye, tun ƙafarka ba ta gaji ba. Ni na yi kuskuren fara da ɗakuna, kafin in fito rana ta yi sanyi, iskar teku tana shiga har ƙashi. Ka riƙe rigar sanyi ko da bazara ce. Lambun a kan tudu yake, yana kallon mashigin ruwan Øresund, in gari ya yi haske har gaɓar Suwidin kana hangowa.

Sassaƙa ba a kallonta daga gefe guda. Ka zagaye aikin tagulla na Henry Moore a hankali: ta nan mace ce a kishingiɗe, ka ƙara taku uku ta koma dutse mai rami. Kusa da wurin shan shayi akwai ƙarafan Alexander Calder, wanda iska ke juyawa shi ya fi tsayar da ni. Kada ka taɓa komai, ko hannu na ƙaiƙayi.

A ciki, ɗakin ayyukan masassaƙi Giacometti ya isa a zauna. Mutanen da ya sassaƙa dogaye ne sirara kamar karan dawa, bayansu ƙatuwar taga mai kallon tafki.

Ɗakin madubai na Yayoi Kusama sai ka bi layi, kuma ba a barin mutum ya daɗe. Fitilu ne ke sauya launi ta ko'ina, ga ruwa kewaye da ɗan dandamalin da za ka tsaya. Ka lura da inda kake sa ƙafa.