Kurakuran da na gaji da gani wajen bidiyon biki da shiga kwamfuta daga nesa

Da wuya a yi biki a unguwarmu ban ga wani ya shigo shagona da memori a hannu, fuska a murtuke, yana cewa "Malam, bidiyon ya ɓace" ba. Haka kuma masu kira daga wani gari suna cewa kwamfutar da suka bari a gida ta ƙi amsawa. Matsalolin ba su da yawa, su ɗin ne dai kullum, har bakina ya gaji.

Bari in fara da wanda ya ci ni. Kamun ƙanwata ne, ni na ɗauka tun fitowar amarya har aka tashi. Da daddare memorin kyamara ya cika, ga ɗaurin aure da safe. Na ɗauko sabon filash da na saya a kasuwa, an rubuta masa 128GB, kuɗinsa ko na 16GB bai kai ba, ni kuwa ina ta murna na yi sa'a. Maimakon in kwafi fayilolin, sai na yanke su na kai can. Kwamfuta ta ce an gama, sunaye duk ga su a jere, na share memori na kwanta. Bayan kwana uku na zauna aiki, 'yan fayilolin farko suka buɗe, sauran kuwa ko motsi. Ashe filash ɗin jabu ne. Irinsu ana yi musu dabara ne su riƙa nuna girman da ba su da shi, idan ainihin cikinsu ya cika sai su ci gaba da karɓar kaya suna zubarwa, kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Memorin kuma na riga na ɗora ɗaurin aure a kansa, don haka babu manhajar da za ta tono abin da aka danne. Har yau idan aka zo hirar bikin, Hajiya sai ta kalle ni ta yi shiru, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Tun daga ranar ba na yanke bidiyo, kwafa nake. Ba na share memori sai aikin ya zauna a wuri biyu, kuma sai na buɗe fayil na ƙarshe na ja shi har ƙarshe na gani da idona. Ganin suna a allo ba shaida ba ne. Sabon filash ko memori kuwa, ko daga ina ya fito, sai ya kwana yana gwaji da H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke cika shi da bayanai sannan ta karanto ta ga ko sun dawo daidai. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, su suka sani. In kuma ka goge abu bisa kuskure, cire memorin nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya, sau da yawa manhajar PhotoRec ko Recuva kan dawo da shi.

Akwai masu zuwa suna rantsuwa filash ya lalace, wai da sauran wuri amma ya ƙi karɓar bidiyo. Lafiyarsa ƙalau. Tsarin ajiyar fayiloli na FAT32 ne a kansa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB. A mayar da shi exFAT, amma a kwashe abin da ke ciki tukuna domin sauyin yana share komai.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai turo bidiyo ta WhatsApp ya ce in haɗa masa ya fito tas, alhali ya goge na asalin don waya ta cika. Idan ka tura a matsayin bidiyo, matse shi ake yi, abin da aka matse kuwa ya tafi ke nan. Tura shi a matsayin dokumen, tun 2022 ana iya tura har 2GB ta nan. Kuma ku daina ɗaukar suna da walima da 4K don burgewa. A iPhone minti ɗaya na 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kusan 400MB, na 1080p mai hoto 30 kuwa kusan 60MB. Awa guda ke nan 24GB a wancan, ƙasa da 4GB a wannan, kuma a waya za a kalla.

Idan tsohuwar talabijin ko kwamfuta ta ba da murya babu hoto, galibi bidiyon na tsarin HEVC ne, a juya shi zuwa tsarin H.264 da HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo. Sauya wutsiyar sunan fayil da hannu ba juyawa ba ne. Wajen ɗauka kuwa, goge idon kyamara da bakin riga kafin ka fara. Kada taga ta kasance bayan mutum, zai fito baƙi ƙirin. Kada ka tsaya gindin sifikar makaɗa.

Sai batun shiga kwamfuta daga nesa, a nan ma ina da tabo. Kawuna ɗan kasuwa ne, lissafinsa duk a laftof yake, kullum abu na rikice masa. Don in huta da zirga-zirga na sa masa AnyDesk, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, na koya masa cewa in na kira ya karanto min lambar da ke allo ya danna amincewa. Abin da ban koya masa ba shi ne kada ya yi wa kowa haka sai ni. Wata rana wani ya kira shi da lafazi mai daɗi, wai daga banki, za a gyara masa asusu. Kawu ya yi daidai yadda na hore shi. Mutumin ya sa shi ya shiga asusunsa yana kallon allon, ya kuma sa ya karanto lambar da aka turo masa ta waya. Kafin la'asar alat ya fara shigowa. Laifin ba na manhaja ba ne, ta yi abin da aka ƙera ta don shi. Nawa ne, ni da na ba dattijo makulli ban gaya masa ƙofar ina yake buɗewa ba.

Ku ji ni da kyau, masu sa wa iyaye da 'yan uwa irin waɗannan manhajoji. Wanda ya shigo ta AnyDesk ko TeamViewer tamkar ya zauna a kujerarka ne, yana ganin abin da kake gani, yana taɓa abin da kake taɓawa. Banki ba ya kiranka ya ce ka sauke manhajar da zai ga allonka. Ni yanzu ga dangi Quick Assist nake amfani da shi, wanda ke zuwa da Windows 10 da 11, lambarsa ta wucin gadi ce, da an gama ta mutu. In dole na sa wata, ina gamawa nake cire ta. A tawa kwamfutar da nake shiga ba tare da kowa a gabanta ba, kalmar sirri doguwa ce, ga tabbaci mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sake shigar da wata lamba. Lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ba kalmar sirri ba ce.

Ga samari masu ɗan sani kuma, waɗanda ke buɗe ƙofa mai lamba 3389 a rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, don su shiga da Remote Desktop, hanyar shiga daga nesa ta Windows, daga ko'ina: injinan ɓarayi dare da rana suke laluben wannan ƙofa a intanet. A 2019 ramin tsaro na Remote Desktop da aka kira BlueKeep ya tsananta har Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta riga ta daina kulawa da shi. In kana buƙatar Remote Desktop, bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet. Kuma Windows na Home ba ya karɓar irin wannan shiga, sai Pro ko na sama da shi, kada ka kwana kana neman maɓallin.

Masu tafiya su bar kwamfuta a kunne: kashe mata barci, in ba haka ba kafin ka isa tasha ta yi shiru. In tebur ce, akwai saiti a BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, da ke sa ta tashi da kanta idan an dawo da wuta. Daga nesa kada ka danna kashewa, babu mai kunna maka. Tace bidiyo daga nesa kuwa wahala ce zalla, domin hoton allon da ƙarfin turawar intanet ɗin gidanka yake zuwa, murya da hoto ba za su taɓa haɗuwa ba. Ni iyakata in shiga in tayar da HandBrake ko in duba ko aiki ya gama fita. Kafin in bar gida kuma nakan kashe wayifai a wayata, in kunna data, in gwada shiga ina tsaye a tsakar gida da jaka a kafaɗa.